Faifai Biyu Ne, Amma Wa Ke Duba Na Biyun?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Kwamfutar da muke ajiye aikin ɗalibai tana kan Linux, da faifai biyu a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Ɗaya ya fara nuna gurabe sun lalace, amma komai na buɗewa lafiya. In ƙyale shi?

Amsa: Alhaji, buɗewar nan ce ke yaudararka. Idan md, wato sashen Linux mai kula da RAID, ya je karanta gurbi a faifai ɗaya ya ƙi karantuwa, sai ya ɗauko daga ɗaya faifan ya miƙa maka, sannan ya maimaita rubutun a kan wanda ya ƙi. Rubutun ne ke sa faifan ya jingine ruɓaɓɓen gurbin ya ɗauko sabo daga rarar da aka ƙera shi da ita. Kai kuwa kana can kana ƙirga kuɗin fotokwafi.

Abin da ke ƙona min rai, md ba ya gyara sai abin da aka karanta. Fayil ɗin da ba a taɓa ba tun bara yana iya ruɓewa a faifai na biyu shiru. Ranar da na farko ya mutu ka sa sabo, dole a kwafe kowane gurbi daga mai rai, nan ɓoyayyen ciwon zai fito, kuma babu na ukun da za a tambaya. Na taɓa kwana gaban irin wannan, kwafin ya kusa ƙarewa ya cije, mai kwamfutar sai salati yake. Tun Linux 3.1 a 2011 md ke riƙe jerin gurabe marasa kyau don kada gurbi ɗaya ya sa a kori faifai, amma jerin ba ya dawo da abin da ya salwanta.

Rubuta kalmar check a cikin sync_action, fayil ɗin da ake ba md umarni ta cikinsa, duk wata, don ya karanta kowane gurbi a faifan biyu. Debian, wani nau'in Linux, kan yi da kanta a Lahadin farko na wata, sai dai da tsakar dare, lokacin da ka kashe janareta kana minshari. Sannan duba lamba 5 (guraben da faifan ya sauya) da 197 (guraben da suka ƙi karantuwa) a smartctl, manhajar duba lafiyar faifai. In suna hawa, sayi faifai cikin makon nan.

Tambaya: Daga Daura nake. Yarona ya goge hotunan biki, zan same su a faifai na biyu?

Amsa: A'a Hajiya, tare suke gogewa. Kashe kwamfutar yanzu, a gwada PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge. Nan gaba a riƙa kwafa a faifan da ke cikin durowa.