Amsa ga mai tambaya kan kuɗin tara da wasan yara

Assalamu alaikum. Hajiya, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa domin maganar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kwamitin iyaye da malamai na makarantar yaranki a Tudun Wada yana shirin hana sayar da alawa da lemon leda a bakin ƙofa, kina neman wanda ya taɓa gwada haka, kuma kina son sanin yadda za a sa yara su riƙa motsa jiki. Na daɗe ina koyarwa a wata firamare a nan Zariya, kuma mun bi wannan hanyar, mun yi tuntuɓe a kanta kafin muka gane inda ramin yake.

Mu ma da hani muka fara. Aka tara masu talla aka ce daga Litinin kada a sake ganin kowa a bakin ƙofa. Ba su yi gardama ba, suka ɗauki farantansu suka koma bayan katanga, wajen da bulo biyu suka faɗi. Da an buga ƙararrawar tara sai ka ga yara sun yi dafifi a wurin, hannu na fita da kuɗi ta kafar, leda na shigowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ƙosai da awara, waɗanda abincinsu ke riƙe ciki, su ne suka daina zuwa gaba ɗaya, don ba a miƙa kasko ta kafar katanga. Sai ya zama mun kori mai amfanin mun bar mai zaƙin. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu da na tarar ta kifa kai a kan tebur wajen ƙarfe sha ɗaya, harshenta ja wur da kalar lemon leda. Na tambaye ta me ta ci tun safe, ta ce shi ke nan. Daga ranar na daina goyon bayan hanin.

Da zango ya zagayo sai muka sake shawara. Muka kira matan nan muka zauna da su a ƙarƙashin darbejiya, muka tambaye su abin da ya fi kawo musu riba. Yawancinsu zawarawa ne ko masu riƙon marayu, da cinikin tara suke ɗora tukunyar dare. Muka ce su shigo cikin harabar makaranta, ga inuwa, ga benci, ba za a karɓi ko sisi a hannunsu ba, da sharaɗi uku: abinci a rufe, ruwan wanke hannu a gefe, kuma abin da za a sayar ya zama na ciki. Ƙosai, alala, ɗanwake, awara, dafaffen ƙwai, gyaɗa, rogo da ƙuli, dankalin Hausa. Lokacin mangwaro a kawo mangwaro, lokacin gwaiba gwaiba, da zafi kankana. Mai zoɓo muka roƙe ta ta rage sukari, ta bar garin kalar nan, ta sa citta da kanumfari. Makon farko yara sun yi ta ƙorafi wai zoɓon ya yi salam, kafin wata ya ƙare sun manta da tsohon. Alawa ba ta ɓace ba har yau, amma ta koma abin da ake saya da canjin da ya rage.

Ina ganin dole mu faɗa wa juna gaskiya a kan wace matsala ce tamu. A ƙasashen Turai da Amurka kukan da ake yi na ƙibar yara ne. Mu a nan ƙibar da tsumburewa duka biyun muke ɗauke da su a aji guda. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Waɗannan yaran su ne suke shigo mana aji ɗaya. A gefensu kuma ga ɗan gidan da ake cika wa jaka da biskit da lemon kwali da taliyar yara kullum, haƙora sun fara ruɓewa tun yana shekara bakwai. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali takwas ko kusa da haka. Ki auna shi a kofi ki nuna wa iyaye a wurin taro, za ki ga yadda wurin zai yi tsit. Mun yi haka, ya fi duk wani jawabin da muka taɓa yi tasiri.

Wasu za su ce a jira gwamnati. Na ga ciyar da ɗalibai da jihar Kaduna ta fara a farkon 2016, na kuma ga ta Gwamnatin Tarayya ta 'yan aji ɗaya zuwa uku, wadda aka fara a kan naira 70 kowane yaro, aka dakatar da ita a Janairun 2024. Allah ya sani ta yi amfani, ajujuwa sun cika, yaran da ba mu taɓa gani ba sun zo da kwanukansu. Sai dai duk ranar da kuɗi bai sauka ba tukunya ba ta zuwa. Matan bakin ƙofa kuwa ko ana ruwa suna nan.

Game da gida, abu ɗaya nake roƙon iyaye: kada yaro ya fita da cikinsa wayam. Ko ɗumamen tuwo ne, ko koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa. Wadda ke da hali ta haɗa garin kunun nan da ake kira Tom Brown, awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna a zubar, tana da gubar da ke cutar da hanta. Faten tsakinmu na Zazzagawa, idan ya ji rama da yakuwa da gyaɗa, babu abin da yaro ya rasa a cikinsa. Kwaɗon zogale kuma a matsa masa lemon tsami, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganyen. Shayi kuwa rage shi yake yi, don haka ba na son a haɗa wa yaro shayi mai kauri da abincinsa.

Mun yi ɗan lambu a bayan ofis, zogale da alayyahu da kuɓewa. Awaki suka cinye na farko, na biyu ya bushe a dogon hutu. Sai da muka kewaye da ƙaya, muka kuma yi yarjejeniya da maigadi ya riƙa ban ruwa yana ɗiban rabonsa, sannan ya tsaya. Idan a cikin iyayenku akwai mai aiki a cibiyar binciken noma ta IAR ko NAERLS a Samaru, ku jawo shi cikin kwamiti, ya ba ku shawara a kan iri, musamman masara mai ruwan lemo da ke da bitamin A. Lambun ba zai ciyar da makaranta ba, amma yaron da ya shuka alayyahu da hannunsa ba ya tsame shi daga miya.

Yanzu maganar motsa jiki, wadda ta fi ci mini rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na wasa mai sa gumi a kowace rana. Ki duba ranar yaronki: boko tun bakwai da rabi, a dawo a ci abinci a tsaitsaye, Islamiyya har kusan magariba, wani ma da darasin gida a tsakani, da dare kuma waya ko talabijin. A Keke Napep ake kai shi, a ciki ake dawo da shi. Ina minti sittin ɗin za su fito? A makaranta kuma darasin motsa jiki shi ne na farko da ake cinyewa idan jarrabawa ta matso, mai lissafi ya ce a ara masa. Ga kuma tsallen kwaɗo da zagaye fili da aka mayar horo, har yaro ya taso yana ganin gudu na mai laifi ne. Wannan mun hana shi, kuma sai da aka kai ruwa rana da wasu malamai kafin suka yarda.

Ba mu sayi komai ba sai ƙwallo biyu da igiya. Muka dawo da langa ga maza, 'yar gala-gala da tsallen igiya da gaɗa ga mata. Ki lura da 'yan mata sosai, Hajiya. Daga aji huɗu suke janyewa su zauna a baranda, don maza sun mamaye fili kuma kunya ta fara shiga. Da muka ware musu wuri a bayan ajujuwa, malama mace na tsaye, har waɗanda muke ɗauka ba sa son wasa sai da aka riƙa korarsu aji. Lokacin zafin Maris da Afrilu mukan mayar da wasan da sassafe bayan taron layi, a cika randa da ruwa. Da hunturu in ƙura ta yi yawa, masu asma su zauna.

Da yake yawancin Islamiyyu ba sa karatu Alhamis da Juma'a, muka je wurin mai unguwa da liman muka nemi a buɗe filin makaranta ranar Alhamis bayan la'asar, matasa biyu da aka yarda da tarbiyyarsu suna lura. Liman da kansa ya sanar a masallaci, shi ya sa iyaye maza suka saki jiki suka bar yara suna zuwa, har da almajiran tsangayar da ke kusa da mu.

Idan za ku yi taron naku, ki roƙi shugaban kwamiti a gayyato masu tallar su zauna a kan benci ɗaya da iyaye, a fara jin ta bakinsu kafin a yanke komai. A sa shi ranar Asabar da hantsi, don da yamma suna gaban kasko.