Allurar Zafin Injin Jirgina Ta Daina Tashi, Ina Matsalar Take?

Tambaya: Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, a cikinsa kuma akwai injin dizal mai silinda uku da nake tayarwa idan iska ta kwanta ko zan shiga tasha. A da allurar gejin zafi tana tsayawa wajen digiri 80 na ma'aunin Celsius, amma kwanan nan ko na yi tafiyar sa'a guda ba ta wuce 55. Injin yana tashi lafiya, ban kuma ji wata baƙuwar ƙara ba. Wani abokina ya ce in kwantar da hankalina tunda ba zafi ya yi ba. Shin in bar shi haka?

Amsa: Malam, kada ka bar shi haka, amma kuma kada ka yi gaggawar sayen kayan gyara. Abin da ya kamata ka fara tantancewa shi ne ko injin ne ya yi sanyi da gaske, ko kuwa gejin ne yake yi maka ƙarya, domin maganin kowanne daban ne, kuma mutane da yawa sun canja tamostat (bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin) mai lafiya alhali laifin na wata 'yar waya ce da tsatsa ta ci.

Kafin komai, da safe injin yana sanyi, buɗe murfin tankin ruwa ka duba ko ruwan ya ragu. Na sa wannan a gaba ne saboda haɗarinsa: sansar zafi, wato 'yar na'urar da ke aika wa geji zafin injin, tana auna ruwan da ya taɓa ta ne, idan kuwa ruwan ya yi ƙasa har ta zauna cikin iska, allura na iya nuna sanyi a daidai lokacin da injin yake ƙonewa. Kada ka taɓa buɗe murfin nan injin yana da zafi.

Idan ruwa a cike yake, nemi ma'aunin zafi na hannu, irin wanda ake nuna wa abu daga nesa. Fita da jirgin, sa giya, ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 da gudun da ka saba, sannan ka auna gidan tamostat da kuma ƙarfen da ke gindin sansar. Injin da ke silo a tasha ba ya ba da amsar gaskiya, domin dizal ba ya haifar da zafi sosai sai yana jan kaya. Idan ma'aunin ya nuna wajen 80 alhali allura tana kan 55, injinka ƙalau yake, sai a koma wajen wayoyi.

Yawancin sansar zafi suna aiki ne ta hanya ɗaya: gwargwadon yadda suka yi zafi, gwargwadon yadda suke barin wuta ta wuce, allura kuma ta hau. Saboda haka duk abin da ya tare wa wuta hanya, ko koren tsatsa a bakin waya, ko noti da ya saki, ko wayar at (wadda wuta ke komawa ta cikinta) da gishirin teku ya lalata, zai sa allura ta karanta ƙasa da gaskiya. Gwajinsa mai sauƙi ne. Kunna makulli, cire wayar daga kan sansa, ka taɓa ta a jikin injin na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan allura ta yi tsalle zuwa ƙarshe, geji da waya lafiyarsu lau, sansar ce ko mazauninta abin zargi. Sansa mai waya ɗaya tana samun at ne ta haƙoran jikinta da ake murɗa ta da su cikin injin, shi ya sa wanda ya naɗe haƙoran da farin tef na masu aikin famfo yakan jawo wannan matsala da hannunsa. Idan kuma an taɓa canja sansa ko geji, a tabbata sun dace da juna, domin ma'aunin Amurka da na Turai ba ɗaya ba ne.

To, idan ma'aunin hannu ya gaskata allura fa? A nan tamostat ne babban abin zargi. Aikinsa shi ne ya rufe hanyar ruwa har sai injin ya kai zafin da aka tsara, sannan ya buɗe ruwan ya wuce ta akwatin musayar zafi, inda ruwan teku yake sanyaya shi. Idan ya maƙale a buɗe, ruwan yana zagayawa tun daga tashin injin, teku kuwa ba ta gajiya da shan zafi. Alamarsa ita ce tiyon da ke fita daga gidan tamostat yana ɗumi sannu a hankali tun farko, maimakon ya zauna da sanyi na ɗan lokaci sannan ya yi zafi farat ɗaya. Cire shi ka duba. Idan ka same shi a buɗe yana sanyi, magana ta ƙare. Idan a rufe yake, rataye shi cikin tukunyar ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba, ka ɗora a wuta da ma'auni a ciki, ka lura da digirin da ya fara buɗewa, ka gwada da lambar da aka buga a jikinsa. Wani lokaci ma za ka buɗe gidan ka tarar babu komai, wani ya cire shi tuni don ya ɓoye matsalar zafi, kuma wannan ɗabi'a ce da ban taɓa ganin amfaninta ba. Sayi sabo mai lambar da littafin injin ya faɗa, tare da sabon gaskit.

Lambar nan tana da muhimmanci, domin kamfanoni irin su Yanmar da Volvo Penta sun ƙera injuna iri biyu. Waɗanda ruwan teku ke shiga cikinsu kai tsaye an tsara su ne su tsaya ƙasa da digiri 60, don kada gishiri ya daskare ya toshe hanyoyin ruwa. Naka da ya saba kai 80 mai rufaffen ruwa ne, wato ruwan cikinsa ba ya haɗuwa da na teku, kuma irinsa wajen 70 zuwa 85 ne mazauninsa, sai dai idan aka sa masa tamostat na nau'in farko zai nuna kusan abin da kake gani yanzu. Haka nan idan akwai tankin ɗumama ruwan wanka da aka haɗa da injin, yana iya jinkirta tashin allura, ko da yake ba ya hana ta kaiwa inda ta saba idan tafiya ta yi nisa.

Maganar abokinka kuwa, injin dizal mai aiki da sanyi ba ya ƙona mai yadda ya kamata. Baƙin hayaƙi yana taruwa a kan fistin da ringi da bawul, bangon silinda yana yin santsi har injin ya fara shan baƙin mai, ɗanyen dizal yana sauka ya tsinka baƙin man, damshin da ya kamata zafi ya kore kuma yana zama a ciki ya koma cuɗaɗɗen datti mai cin ƙarfe. Idan ya tabbata injin ya daɗe yana aiki a 55, canja baƙin mai da matatarsa bayan gyaran, ka kuma rage barinsa a silo na sa'o'i don cajin batir kawai.