Tambaya da Amsa: In Shiga Kwamitin Hulɗa da 'Yan Sanda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma mai unguwarmu ya nemi in shiga kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a, amma ina kokwanto. Mutanen unguwarmu sun rage kai ƙara caji ofis, domin wasu suna cewa ba a sakin mutum sai an biya kuɗin beli, wasu kuma suna tsoron kada sunan mai kai bayani ya koma kunnen ɓarayi. Shin irin wannan kwamiti yana da amfani, ko kuwa taron jawabai ne kawai? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka karɓi wannan aiki, amma ka shiga da sanin cewa jawabi a zauren taro ba ya sa talaka ya yarda da ɗan sanda. Abin da ya gani da idonsa ranar da ya tsaya gaban kanta a caji ofis shi ne yake sa ya koma ko ya ƙaurace.

Tazarar da kake gani tana da asali. Dattawan Sakkwato suna tuna zamanin 'yan doka na En'e, waɗanda suke ƙarƙashin sarakuna, suka san gida-gida da zuri'ar kowa, ko da yake an sha kuka da yadda aka yi amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa a Jamhuriya ta Farko. Bayan juyin mulkin 1966 aka narkar da su cikin rundunar tarayya, kuma sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya. Shi ya sa ake iya turo jami'in da bai san lungunan Kanwuri ko Runjin Sambo ba, wani lokaci ma ko Hausa bai ji sosai ba. Don cike wannan giɓi aka kafa kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, a 1984, sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma a jihohi da kuma matakin caji ofis-ofis na yanki.

Game da kuɗin beli, doka ba ta da harshen damo: beli kyauta ne, kuma duk abin da aka karɓa da wannan suna cin hanci ne. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta a gurfanar da wanda aka kama a gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin birnin Sakkwato ba abin jayayya ba ne, sai dai manyan laifuka masu hukuncin kisa suna da nasu tanadin. Dokar 2020 ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana tsare mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar wuraren da ake tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata. Yawancin masu biyan kuɗin beli ba su san waɗannan ba, kuma a nan ne malami irinka yake da amfanin da attajirin unguwa ba shi da shi. Ka karantar da su a masallaci bayan salla, ka kuma sa kwamiti ya ware dattijo ɗaya da zai riƙa raka duk ɗan unguwa da aka kira caji ofis, domin abin da ake iya faɗa wa mutum shi kaɗai ba a cika faɗarsa a gaban shaida ba.

Batun asirin mai kai bayani ya fi nauyi, kuma ba zan raina tsoron jama'a ba. Wanda ya san abin da mutanen Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo suka sha a hannun 'yan bindiga ya san cewa a wasu wurare fallasar suna tana nufin rasa rai. Saboda haka kada a taɓa karanta rahoton sirri a cikin taron kwamiti, komai amincin mahalarta. Abin da ya fi dacewa shi ne ku zauna da DPO, wato shugaban caji ofis ɗin yankinku, ku amince da hanya guda: bayani ya tashi daga mutum ɗaya amintacce zuwa gare shi kai tsaye, ba tare da an rubuta sunan mai shi a kantar caji ofis ba. Ku kuma nemi ya riƙa sanar da ku abin da aka yi da ƙorafin da aka kai, ko da amsar ita ce har yanzu ana bincike, domin shiru ne yake sa mutum ya ce wahalar banza ya yi.

Idan jami'i ya ci zarafi kuma DPO ya yi biris, a rubuta koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ko ofishin shiyya ta 10 da ke nan Sakkwato, ko sashen karɓar ƙorafi na CRU da rundunar ta kafa a 2015, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A sa rana da wuri da sunan jami'in, a kuma ajiye kwafe.

Sai kuma gyara a namu ɓangaren. Muddin masu faɗa a ji suna zuwa su karɓo ɗansu da aka kama da laifi bayyananne, maƙwabcin da ya kai ƙara ba zai sake kaiwa ba, kuma ɗan sanda mai gaskiya zai karaya. Haka nan 'yan sintirin unguwa su san iyakarsu: su kama, su miƙa wa hukuma, ba duka ba tsarewa. Tun a zaman farko, Malam, ka nemi a rubuta waɗannan sharuɗɗa, mai unguwa da DPO su sa hannu, a kuma tsai da ranar da za a sake zama a duba waɗanda aka cika.