Jirgin Thomas Ya Ƙi Hawa Layin Katako

Tambaya: Na saya wa ɗana jirgin ƙasa na wasa na Thomas & Friends, samfurin TrackMaster, amma ya ƙi zama kan layin katakon da muke da shi. Ko jabu aka ba ni?

Amsa: Malama, ba lalle jabu ba ne. Thomas iri-iri ne. Na Wooden Railway da hannu ake turawa, taragonsa da maganaɗisu suke haɗuwa, yana kuma hawa layin katako na kamfanin Brio. TrackMaster kuwa da batir yake tafiya, taragonsa da ƙugiyar roba, kuma ya fi ramin layin katako faɗi, sai an saya masa layinsa na roba. In za ki sayi tsohon na katako, ki kula: a 2007 an janye wasu daga kasuwa saboda dalma a fentinsu.