Amsa ga Maman Ummi kan ranƙwafewar kafaɗa da zugin ƙeya

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Maman Ummi, na saurari muryarki. Kin ce kina wuni a kan keken ɗinki a Kasuwar Barci, yanzu kafaɗunki sun fara ranƙwafowa, ƙeya na yi miki zugi, har kina tsoron kada doro ya fito miki, kina tambaya ko yogar nan da ake gani a waya za ta yi amfani. Za ta yi, in an bi ta a hankali.

Don na san wani zai tambaya: yoga daga Indiya ta fito, kuma a asalinta tana haɗe da addinin mutanen can. Abin da zan ba ki babu wannan a ciki, motsa gaɓoɓi ne da numfashi kawai.

To, ki fara gane abin da ke faruwa. Ƙashin baya ba miƙaƙƙiyar sanda ba ce. Ƙasusuwa 7 na wuya sun ɗan lanƙwasa ciki, 12 na tsakiyar baya sun ɗan fito waje, 5 na kwankwaso sun sake komawa ciki. A samansu kai yake zaune, nauyinsa wajen kilo 5, kamar jarka mai lita 5 cike da ruwa. Ki rungume jarkar a ƙirji, ba za ki ji komai ba. Ki miƙa hannu da ita gaba, ba za ki daɗe ba hannun zai gaji. Haka tsokokin ƙeyarki suke fama duk lokacin da kika zura kai wajen allura. A hankali tsokar ƙirji ta ɗaure, ta tsakanin allon kafaɗu ta yi rauni, kin ga ranƙwafewa ta samu wurin zama.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya banƙare ƙirji kamar soja a fareti. Wannan kwankwaso yake matsewa, kuma ba a jimawa ake gajiya a koma yadda ake. Dubi mai talla da faranti a ka. Ba ta banƙare ba, amma kunnenta, kafaɗarta da ƙugunta duk a layi ɗaya suke. Shi muke nema.

Ga motsi huɗu da za ki riƙa yi. Na farko suna kiransa tadasana, wato tsayuwar dutse. Ki cire takalmi, ki juya wa bango baya, dugaduganki su bar bangon da kamar yatsu huɗu. Ki ware ƙafafu daidai faɗin ƙugu. Nauyinki ya sauka a wuri uku a kowane tafin ƙafa: gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa, da diddige. Kada ki ƙulle gwiwa ta koma baya, ki bar ta da ɗan laushi. Mazaunai da tsakiyar baya su taɓa bango. Sai ki zura tafin hannu a bayan kwankwaso. In ya shiga daidai, madalla. In har dunƙulen hannu na shiga, kin banƙare da yawa, ki ɗan ja cibiya ciki. Sannan ki ja haɓa baya, ba ƙasa ba, baya, kamar kina kauce wa hayaƙi. In ƙeya ba ta kai bango ba, kada ki ɗaga haɓa sama don ta kai, wannan shi ke ƙara zugin. Ki bar ta inda ta tsaya. Numfashi 5 ta hanci, haƙarƙari na buɗewa gefe da gefe, kafaɗu ba sa hawa wajen kunne.



Na biyu, ki shimfiɗa darduma ki yi kamar mai rarrafe, hannaye a ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi a ƙarƙashin ƙugu. In kin ja numfashi, ki saki ciki ƙasa ki tura ƙirji gaba. In kin fitar, ki tura baya sama kamar kyanwar da ta ga kare. Sau 8, ba gaggawa.

Na uku shi ne nake so ki fi riƙewa, bhujangasana, ɗagowar kumurci. Ki kwanta rub da ciki, tafin hannu a gefen haƙarƙari, gwiwoyin hannu manne da jiki. Ki danna bayan ƙafafu da mara a ƙasa, ki ɗago ƙirji kaɗan, kamar tsawon yatsa, idonki na kallon darduma. Gwajinsa shi ne ki ɗauke tafin hannun daga ƙasa. In ƙirjin ya faɗi, da ma hannu ne ke aikin, ba baya ba. Waɗanda kike gani a bidiyo suna miƙe hannu gaba ɗaya suna kallon sama, kada ki kwaikwaye su yanzu, duk lanƙwasar a kwankwaso za ta taru, ki tashi da ciwon da ba ki kwanta da shi ba. Ki riƙe na numfashi 3, ki sauka, sau 5. Mai juna biyu ba ta yin wannan.

Na huɗu gada. Ki kwanta rigingine, ki naɗe gwiwoyi, ki danna diddige ki ɗaga ƙugu, numfashi 5, sau 5. A mazaunai za ki ji aikin. In a kwankwaso kika ji, kin ɗaga da yawa.

Duka minti 10 ne. Bayan sallar asuba, kafin karin kumallo, ya fi daɗi, don ba a yi da cikakken ciki.

Amma Maman Ummi, minti 10 ba zai goge awa takwas na sunkuyo ba sai kin gyara zaman shago. Ki ninke zani ki zauna a bakinsa, ƙugu ya ɗan ɗara gwiwa tsawo. Ki jawo kujera kusa da keken. In za ki sunkuya, ki karyo daga ƙugu, baya na miƙe. Duk minti 30 ki tashi, ki haɗa hannaye ta baya ki buɗe ƙirji na sakan 20. Kuma ki duba hasken shagon, ki je a duba miki ido, don sau da yawa rashin ganin ramin allura ne ke jan kai gaba, ƙarin haske ko tabarau ne maganinsa. Masu keke Napep da masu zaman ofis da ke gurup ɗin nan, ku ma zaman naku ke nan.

In kin dage, cikin mako huɗu zuwa shida ya kamata ki fara jin sauƙi. Jan tsoka ba laifi, amma zafi mai suka ko mai sauka hannu ko ƙafa kamar lantarki, ki tsaya. In akwai sagewa ko raunin hannu ko ƙafa, ko ciwon baya mai tashe ki da dare tare da zazzaɓi da rama, ki ajiye yoga ki ga likita, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. In kuma fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa, wannan ba na jira ba ne, a ranar za a tafi asibiti.