Tambayar Mako: In sayi na'urar busar da abinci don guzurin hawan dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni da abokaina shida muna fita hawan dutse. Bara mun kwana biyu a Kagoro, bana Matsirga muka nufa. Guzuri ne matsalarmu: na gwangwani nauyi gare shi, dafaffe kuma ba ya kwana. Na ga na'urar busar da abinci a intanet. Wace iri zan saya, me kuma zan busar? Ƙaninki daga Barnawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko, a wane wata za ku fita? In da hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, riƙe kuɗinka. Iskar Kaduna a lokacin ta isa ta mayar da tumatir kauɗa a kan tabarma cikin 'yan kwanaki, sai dai ka rufa masa raga saboda ƙuda da ƙura. Haka iyayenmu suke yi wa kuɓewa da tattasai tun ba a haife mu ba. Da damina ne na'urar take biyan kuɗinta, musamman a Agusta, lokacin da ko wanki sai ya yini bai bushe ba.

In za ka saya, duba tana da fanka da kuma maɓallin daidaita zafi. Wadda ba ta da su, bar wa mai shago kayansa. Mai fanka a baya ta fi busarwa daidai. Mai fanka a ƙasa ta fi araha, amma sai ka riƙa sauya wa farantan wuri, na sama ya dawo ƙasa. Sannan ka juya ta ka karanta rubutun bayanta, musamman in ta hannu ce daga waje. Wutarmu 230 ce, kayan Amurka kuwa 120 suke ɗauka. Ka jona irin wannan babu taransifoma, hayaƙi kawai za ka gani.

Ga inda gizo ke saƙar: wuta. Busarwa ɗaya tana cin awa shida zuwa goma sha biyu a jere. Mai wat 500 in ta yi awa takwas za ta iya sha maka yunit huɗu. Ni na taɓa jera nama da daddare a watan Agusta, aka ɗauke wuta ina barci. Da asuba na buɗe, ga shi da ɗumi-ɗumi da yauƙi, warin kuwa har maigida ya leƙo kicin yana tambayar abin da ya mutu. Kilo biyu na zubar. Tun daga nan da safe nake kunnawa, janareta na kusa.

Kayan lambu da 'ya'yan itace suna son zafi wajen digiri 55 zuwa 57 a ma'aunin Celsius. Mangwaro da abarba ka yanka siri-siri, kauri ɗaya. Nama kuwa, ka fara dafa shi ko ka gasa har cikinsa ya kai digiri 71, kaza 74, sannan ya shiga na'ura, don zafinta kaɗai ba lallai ya kashe ƙwayoyin cuta ba. Ka cire kitse tas. Mai ba ya bushewa, kuma shi ne yake fara ɓata guzuri. Saboda haka miyar da za ka busar kada ka soya ta da manja ko man gyaɗa. Zuba man a ƙaramar kwalba, ka ƙara a can.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne shinkafa da wake. Ki dafa, ko in ce ka dafa (na saba da mata a shafin nan), ka baza a faranti har ƙwayar ta yi tauri kamar ɗanya. A can sai tafasasshen ruwa, ka rufe tukunya minti goma sha biyar, ka sa yaji da mai. Tumatir kuma kusan duk ruwa ne, kilo guda ba ya barin ko giram ɗari, sai ka daka shi gari.

Ka bari kome ya huce sarai kafin ka ƙulle a leda. In ka ga raɓa a jikin ledar washegari, bai bushe ba, mayar da shi. Kilishi kuwa kada ka wahalar da kanka, biya wajen masu shi ka sayo na kwana biyu.