Koren tutar Najeriya na addini ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata firamare a Mabera, Sakkwato. Wani ɗalibina ya ce babansa ya gaya masa cewa koren da ke jikin tutar Najeriya alamar Musulunci ce. Haka ne? Kuma wa ya zana ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba haka ba ne, ko da yake na ga inda baban yaron ya samo zancen, tunda tutocin Saudiyya da Pakistan kore ne. Namu koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin tsakiya kuma zaman lafiya da haɗin kai.

Wanda ya zana ta shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, mutumin Ibadan. Yana ɗalibi a Landan ya ga sanarwar gasar a jarida, ya aika da nasa zanen, aka zaɓe shi a 1959, aka ba shi fam 100. An ɗaga tutar a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960, bayan an sauke ta Turawan Ingila. Sai a 2014 gwamnati ta karrama shi da lambar girma ta OFR, ya rasu a 2023.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, zanensa na asali yana da jar rana mai haskoki a tsakiyar farin. Alƙalan gasar ne suka cire ta. A ganina sun yi dabara. Ƙasa ce mai jihohi uku a lokacin, kowace da jam'iyyarta da tambarinta, duk alamar da aka sa sai wani ya ce ta wane ce. Da aka bar launi zalla, babu mai ƙorafi. Ki leƙa Birnin Ƙonni ta Illela, za ki ga maƙwabtanmu na Nijar sun bar tasu ranar a tsakiyar tuta, da'ira mai ruwan lemo.

Mu Sakkwatawa kuwa ba Bature ne ya koya mana tuta ba. Bayan fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba jagorori tuta: Modibbo Adama, Yakubun Bauchi, Buba Yero na Gombe, Ummarun Dallaje na Katsina, Malam Musa na Zazzau. Waccan tuta izini ce, wanda ya karɓe ta ya zama wakilin Shehu a yankinsa. Ita ce mai nasaba da addini. Ta 1960 tutar ƙasa ce, ta Musulmi da Kirista da wanda ba ya bin ko ɗaya.

In za ki sa yara su zana, ki lura da abu biyu da suke yawan kuskurewa. Layukan a tsaye suke, ba a kwance ba, kuma faɗinsu ɗaya, kada farin ya matse. Tsawon tutar ninki biyu ne na faɗinta: in faɗi santimita 10 ne, tsawo ya zama 20.